Jif ɗin Gavrila Ta Karkata

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A ƙauyenmu na kan duwatsun Apuseni an yi wani mutum, Gavrila. Ƙato ne na gaske, in zai shiga coci sai ya sunkuya, ya kuma bi ƙofar a karkace. Matarsa Saveta kuwa 'yar firit ce, kamar ka hure ta ta faɗi. Suna da tsohuwar jif koriya, da ita yake sauko da ciyawa da itace, da ita kuma yake kai Saveta coci ran Lahadi. Kullum a rumfar gefen rumbu yake ajiye ta, inda ƙasa ke da tudu da kwari.

Da kaka, ana cikin haƙar dankali, Gavrila ya faɗi a gona, bai ƙara tashi ba. Ranar jana'iza aka rasa wurin jera teburan baƙi, sai 'yarsu Anuta ta fito da motar daga rumfa ta tsayar da ita a tsakar gida, kan siminti. Nan aka bar ta.

Maƙwabciyarsu Rafila ce ta fara gani. Motar ta karkata, kuma ba wajen direba ba. Ta kwanto ne dama, wajen kujerar Saveta. Kun san mu, har ranar arba'in ba ma cewa mamaci ya bar gida, shi ya sa ake ajiye masa ruwa da tawul a taga. Rafila ta ce da hagu ta karkata da ba komai, Gavrila ne zaune a mazauninsa. Amma dama, ai kujerar matarsa yake dannawa, wuri yake riƙe mata. Ba da mugunta ta faɗa ba, tana kuka ta faɗa.

Saveta ba ta yi musu ba. Ta buɗe akwati ta ciro ƙullin da kowace tsohuwa ke ajiyewa don ranar binne ta, baƙar riga, ɗankwali, tawul-tawul na masu ɗaukar gawa. Ta ɗora a kan gado. Daga nan tuwon masara ya daina wuce mata. In an kawo ta ce an jima, an jima kuma ya sandare a kwano. Wuni take a taga tana kallon motar, idanunta suna ƙara faɗawa.

Anuta ta yi lallashi har ta gaji, sai ta kira baffanta Toader, ƙanin Gavrila, bakanike ne a garin da ke gindin dutse. Ya hawo da hantsi da akwatin ƙarafansa, ya leƙa ta taga.

"Matar yaya, an ce kin ɗaure kaya za ki bi shi. Mutumin nan bai gaji da mitarki ba ne?"

"Siririn banza," in ji Saveta, muryarta da ƙyar take fita. "Je ka duba abin da ya kawo ka."

Ya fara da tayoyi, iskarsu daidai. Ya kwashe abin da ke bayan motar, sarƙar dusar ƙanƙara da gatari da tsohon kwat, ba ta miƙe ba. Ya danna kowace kusurwa ya saki, shokazoba ba ta mutu ba. Ya shiga ƙarƙashi ta dama yana neman karyayyen sifirin, don ya ce wa Anuta yawanci nan ciwon yake. Ya fito ya ce lafiyarsu ƙalau. Rafila, da ke jingine da danga, ta yi alamar gicciye. Saveta ta gyaɗa kai, abin da ta sani ne aka maimaita mata.

Toader bai ji daɗin gyaɗa kan nan ba. Ya ja da baya har bakin ƙofar gida, ya tsuguna ya daɗe yana kallon motar. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Dama ba ta sauka ba. Hagu ce ta hau."

Ya kawo jak ya ɗaga hagun, ya cire taya, ya kankare busasshen taɓo. A saman sifirin ga wata roba mai kauri, an yanko ta daga tsohuwar tayar tarakta, an ɗaure ta da wayar danga. Ya duba ta baya, ita ma haka. Ƙullin wayar kuwa duk ƙauye ba mai murɗa shi haka sai Gavrila. Toader ya zauna a ƙasa, ya share ido da bayan hannu, ya ce a kira masa Saveta.

Anuta ta riƙo ta suka fito. Ya nuna mata, ya ce yayansa ya ƙara wa ɓangarensa tsawo ne, don in ya zauna nauyinsa ya daidaita motar. Robar ta tsufa har ta tsattsage. Tun da can in ba kowa a ciki a karkace take, ƙasar rumfa ce ta ɓoye.

Saveta ta taɓa robar da yatsa. Sai ta tuna shekarar da suka sayi motar. Duk kwanar da suka sha sai ta sulale ta faɗa jikinsa, ƙugunta ya yi ta ciwo, matan coci suna dariya wai tsufa bai hana ta manne wa miji ba. Ta ce masa ba za ta ƙara shiga ba, gara ƙafa. Lahadin da ta biyo ya buɗe mata ƙofa, ta zauna daram, ta ɗauka motar ce ta shiryu don kanta. Ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Toader ya mayar da taya, ya shiga mazaunin direba, ya sa aka ɗora masa buhun dankali a cinya, don shi kaɗai bai kai rabin yayansa ba. Aka ɗaga Saveta aka zaunar a kujerarta. Motar ta tsaya cak, ko Rafila sai da ta yarda.

"In cire robar?" in ji shi.

"Bar ta inda ya sa ta." Ta ɗora hannu a kan buhun. Sannan ta ce, "Anuta, akwai sauran tuwon jiya? Ki ɗumama, ki sa cuku."

Ranar arba'in Saveta da kanta ta dafa alkamar sadaka da zuma, ta raba a maƙabarta. Ƙullin ya koma akwati, ya daɗe a can kafin a buƙace shi. Toader ya sauka garejinsa. Rafila ta ci gaba da ganin alamu, amma ta rage faɗa. Anuta ce ke tuƙa jif ɗin yanzu, da buhun dankali a bayan kujerarta, kuma ba wanda ya cire robar.