Murfin da Ya Kai Ƙarar Inna

Tsohuwar nan da 'yan layi ke kira Rediyo ta rantse wa ɗanta injiniya cewa kullum tana shan maganin hawan jininta. Ya ce to, amma in ya kama ta tana wasa da shi, zai ɗauke ta daga ɗakinta mai taga a bakin titi, ya kai ta gidansa can hawa na biyar, inda ba abin kallo sai tankin ruwa. Ya kawo mata sabuwar kwalbar magani mai kaurin murfi, ya yi tafiyarsa, ɗan banza.

Ƙwayoyin nan fitsari suke sa ta, ita kuwa ba za ta bar taga ana tsakiyar rigimar tela da matarsa ba. Sai ta cusa kwalbar bayan madubi. Ranar komawa asibiti ta juye su duka a masai, ta miƙa wa likita kwalba wayam, tana wani taƙama.

Likita ya kanga murfin jikin kwamfuta.

"Inna, sau biyu aka buɗe kwalbar nan a wata guda. Ranar farko, sai yau, bakwai da minti goma."

"Wa ya gaya maka? Matar tela ce ko?"

"Murfin ne, Inna," in ji ɗanta da ya rako ta. "Akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, ba ta kai ƙwayar wake ba, irin ta cikin rimot da injin wanki. Aikinta ɗaya: in an buɗe, ta rubuta lokaci."

Inna ta dafe ƙirji.

"Au! Ni ka ajiye wa 'yar rahoto a ɗaki? Ni da na goya ka? Shekarata nawa ina kai labari, ban taɓa faɗa har da minti ba! Ko ni nakan rage wani abu saboda kunya. Wannan ba ta da tarbiyya!"

Likita ya auna jininta, ya nuna wa ɗan yadda lambar ta hau, fuskar ɗan ta canza.

"Ku ba ni maganin, yanzu zan haɗiye uku!" in ji Inna.

"Gobe mota za ta zo kwasar kaya, Inna," in ji ɗan.

Washegari ta shiga gaban mota ta kawar da kai, ta ce ita da shi ba magana har abada. Ta daure kuwa, har danja ta biyu. Nan ta ce, fuska a murtuke, "Kai, in ka koma kwasar katifa, ka tambayo mini ko matar telan ta dawo daga yaji."