Hoton Malam Lado

"Riƙe numfashinka, sannan ka danna," in ji Malam Lado.

Maharazu tela ya riƙe, ya danna, kamarar ta ce ƙas. Shekara arba'in Lado yana ɗaukar mutanen Daura hoto, amma shi bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba sai yau, da ciwo ya cinye shi har hula ta yi masa yawa. Saboda Siddiƙa ya yarda, 'yarsa tilo da ke jego a Maraɗi. Ya ƙi a ɗauka da waya, wai hoton waya ba ya kaiwa jika.

Lado da tsofaffin kamarori sai Allah. Duk ranar kasuwar Mashi yana wajen 'yan gwangwan yana tonon tarkace. Wannan ma a kan sikeli ya saye ta a matsayin ƙarfe, ya yi mako yana goge gilashinta da auduga, yana fariya kamar ya tsinci dami a kala. Maharazu ya sha tsokanarsa da cewa maƙabarta ya buɗe a ɗaki.

Lado ya ce wa Maharazu ya tafi da kamarar Kano, akwai mai wanke fim guda da ya rage, kuma kada a kuskura a buɗe bayanta, haske yana cinye hoto. Maharazu ya amsa, amma ya ji nauyin a gan shi ya fito da kayan majinyaci, a ce ya fara rabon gado mai kaya na da rai. Ya mayar da ita kan kantar ɗakin, da niyyar sai jiki ya yi sauƙi.

Ranar Talata da hantsi Lado ya cika.

Bayan sadakar uku, Mati, yayan mamacin, manomi daga Baure, ya fito da kayan tsakar gida don kowa ya shaida. Mutum ne mai amana, shi ya sa ya bi kamarorin ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, kada a ce an ɓoye wani abu. Maharazu ya yi sallama ya tarar da shi a tsakiyar rana, ya zaro fim ɗin gaba ɗaya ya ɗaga sama yana ƙanƙance ido. Maharazu ya san haske ya riga ya cinye hoton, kuma laifin nasa ne.

"Malam Maharazu, an ce kai ka ɗauke shi. Ta ina yake? Ban gan shi ba."

Maharazu ya matso ya dubi fim ɗin, babu komai a jikinsa.

"Idona ne ya tsufa," in ji Mati. "Zan kai wa yarinyar, ita za ta gane ubanta."

Ya naɗe fim ɗin a hankali, ya hure masa ƙura, ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe da tafin hannu.