Yatsan da Lalle Bai Kama Ba

Duk Dungas babu macen da za ta ce Zahara'u ba ta iya ƙunshi ba, sai dai mai hassada. In ta zuba wa mace lalle ta bi shi da sajan, yatsu da farce sukan yi baƙi wuluk, a yi ta wanki da daka bai koɗe ba. Ita ma ta san da haka, kuma ba ta ɓoyewa. Saboda haka da ƙanwarta Mansura ta haihu, ana gobe suna ta zauna ta zuba mata ƙunshi na kece raini, hannu da ƙafa.

Abu ɗaya ya ɓata mata rai. Lalle bai fara kamawa ba jaririn ya tsala kuka, ga hannuwan uwar a ɗaure cikin leda. Mansura ta sa haƙori ta zaro ƙaramin yatsanta na hagu, ta goge shi tas a zani, ta saka wa yaron a tafin hannu. Ya damƙe, ya yi shiru.

"Kin ɓata mini aiki," in ji Zahara'u. "Gobe mata su ce hannuna ya fara rawa."

"Yaya, yatsa ɗaya ne fa."

"Da safe zan cike shi, ko kina so ko ba ki so." Ta ƙulle sauran kwaɓin a leda ta jefa cikin jaka.

Safiyar ba ta ba ta dama ba. An yanka rago, an raɗa wa yaro Munir, Mansura ta miƙe za ta ɗaura zani sai ta sulale ƙasa. Ashe tun kwanaki jikinta da zafi, kowa yana cewa ai wankan jego ne. Mijinta Rabilu ya samo motar maƙwabci, aka yi gidan likita da ita, Zahara'u ta bi su takalmi wari da wari.

Likitar da ta karɓe su sunanta Hinda, wata siririya da ta zo daga Damagaram tana bincike kan marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani. Ta ce zazzaɓin haihuwa ne ya shiga jini. Aka yi allura, aka ɗaura seram na ƙarin ruwa a hannun hagu, aka naɗe hannun da bandeji. Abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya kumbura ya sace, likita ta girgiza kai. Ta ɗauko wani ɗan maƙale mai jan haske ta ɗana a yatsan dama, bai nuna komai ba. Ta sauya yatsa, ta sake sauyawa, ta koma ƙafa, ta gwada kunne, kunnen ya yi sanyi ƙalau.

"Wa ya yi mata wannan ƙunshin?"

Tunda Zahara'u take, ba a taɓa yi mata wannan tambaya ta ji ba ta son amsawa ba sai yau. "Ni ce, Likita."

"Yaya, ba laifi nake ɗora miki ba, ki saurara. Jininta ba ya kaiwa gaɓoɓi. In na rage ruwa, ƙoda su tsaya. In na cika shi, ya taru a huhu ta kasa numfashi. Farce ne ke faɗa mini inda zan tsaya: in danna ya yi fari, in saki in ga yadda ja ke dawowa. To, ga shi ba na ganin komai sai baƙi. Zan bi da abin sauraren ƙirji, amma lalube nake."

Zahara'u ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta fita bakin titi da gudu ta sayo lemun tsami, ta dawo ta durƙusa tana dirzar babban yatsan Mansura. Ta roƙi ruwan jabel mai cire tabo wurin mai shara ta ƙara. Ina! Aikinta ne, ita ta fi kowa sanin ba zai fita ba. Abin da take tinƙaho da shi a gidajen biki yau shi ya tsaya tsakaninta da ran ƙanwarta, sai ta ji ta tsani hannuwanta. A waje Rabilu yana safa da marwa, salularsa sai ƙara take, 'yan suna na tambaya ko a raba nama.

Ta zura hannu cikin jaka neman reza, ko za ta kankare farcen. Yatsunta suka taɓa wani ƙulli mai sanyi da laushi, sauran lallen jiya.

"Likita! Hagu! Ƙaramin na hagu!"

Hinda ta warware bandejin. Ga shi nan a lanƙwashe cikin tafi, wasu yatsun sun rufe shi, farce fes babu ɗigon lalle. Ta danna har ya yi fari.

"In na saki, ki yi bisimilla a ranki. In ja ya riga ki ƙarasawa, da sauƙi."

Ta saki. Zahara'u ta yi bisimilla ta ƙare, ta sake yi ta ƙare, farcen na nan fari kamar ɓargon rake. Sai can wani ɗan ja ya fara rarrafowa. Likita ta buɗe seram ya riƙa zuba, ta ɗana maƙalen a wannan yatsa, ya fara ƙyafta lamba.

Haka suka wuni. Likita ta je kan wasu ta dawo, ta saurari ƙirji, ta danna, ta saki, Zahara'u na bisimilla. Azahar ta yi, a tsaye ta same ta. Aka kawo mata tuwon suna da nama, ko buɗe kwanon ba ta yi ba. Duk lokacin da ta ji takun likita sai ta ji tana so a danna, tana kuma tsoron a danna.

Bayan la'asar Hinda ta saki farcen, ja ya cika shi Zahara'u ba ta kai ga Rahimi ba. Likita ta sake gwadawa don ta tabbata, sannan ta miƙa hannu ta rage gudun ruwan. "Ya isa haka. Da sauran aiki, amma ta juyo."

Ba a jima ba Mansura ta buɗe ido. Ta dubi rufi, ta dubi yayarta, leɓɓanta duk sun bushe.

"Yaya, ina Munir?"

"Yana wurin Inna, ya sha ya yi barci."

"Mata sun taru ko?" Ta ɗan motsa hannun hagu. "Ga shi ba ki cike mini yatsan ba."

Zahara'u ta matso kusa da ita. Ta tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa, ta saka yatsan cikin tafinta ta damƙe, kamar yadda jaririn ya yi jiya.