Wasan Garba Bai Isar da Saƙo Ba

Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta tara dattawan ƙauyuka a Tawa don a koya musu doka, su riƙa zama gefen alƙali idan shari'a ta shafi gona ko dabba. Ciɗo na cikinsu, mutumin Takanamat, gajere mai taurin kai, wanda karatunsa bai wuce na sallah ba.

Malaminsu Moussa ne, ana ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, saurayi Bazabarme da ya yi karatu a Dakar. Ba shi da wulaƙanci. Sai dai tun da aka fara, daga yadda aka jera kotuna a Yamai sai yadda ake ɗaukaka ƙara. Ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausarsa ta Zabarmawa, dattawa suna gyangyaɗi.

Ciɗo kam ba ya gyangyaɗi. Gero ya fara nuna a gida, garkunan shanu kuma sun kusa gangarowa daga makiyayar Azawak. Bara shanu suka shiga wata gona, aka rasa mai raba gardama, aka zare takubba, aka binne ɗan ƙanensa. Bana shi gari zai zuba wa ido. Ga horo ya kusa ƙarewa, shi kuwa bai san abin da dokar gwamnati ta ce a kan ɓarna ba.

Ran nan Mushe ya ajiye alli ya ce, "Ku gaya mini, me ya kamata a gyara a karatun nan?"

"Alhamdu lillahi," in ji dattawa baki ɗaya. "Allah shi ƙara sani."

Har da Ciɗo. Ba a duban idon malami a ce masa karatunsa bai yi ba.

A masauki, ana shan fura, ya kasa haƙuri. "Mun taho ɗaukar ruwa, za mu koma da tulu wayam."

Sabo na Afala, wanda ya girme su duka, ya ce, "To mi kake so? Mu tozarta yaro? Ai muna da Bagobiri."

Aka juya ga Garba, Bagobirin da ke zaune a Barmu. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa, kome ya faɗa ba mai riƙe shi. Garba ya lashe ludayi ya ce a bar masa.

Washegari tun Mushe bai buɗe littafi ba Garba ya miƙe.

"Kai bawan Gobir! Mun taho cin tuwo, ka cika mu da ganye irin na gidanku. Ina shari'ar shanu? Ko ba ka taɓa ganin saniya ba sai ga takarda?"

Mushe ya ƙyalƙyale da dariya. "Bagobiri da zancen saniya? Sai dai ta sata. Zauna, mai fuska kamar kaji sun yi tono!"

Ɗaki ya ɗauki shewa. Garba ya zauna yana hura hanci, ya raɗa wa Ciɗo, "Ka ji na hwaɗa mai." Mushe ya share hawayen dariya, ya juya ga allo, ya ci gaba da kotunan Yamai.

Nan Ciɗo ya gane. Wasan da ya kare Garba shi ya kashe maganar. Ya miƙe. Sabo ya ja masa riga. "Zamna, kak ka ba mu kumya." Ciɗo ya fizge rigarsa.

"Malam, ni Ba'adare ne, babu wasa tsakanina da kai. Abin da Garba ya ce, mu munka aiko shi. Karatun ga bai kai inda muke so ba. Shanu na bisa hanya. In sunka shiga gona, wa ka zuwa duba ɓarna? Wa ka tsare dabba? Ban sani ba, kuma ni za a tambaya."

Dariya ta bar fuskar Mushe.

"Jiya na tambaye ku."

"Ka tambaya."

"Kuka ce alhamdu lillahi."

"Wannan ta Allah ce, Malam. Taka ce nike hwaɗi yanzu."

Mushe ya daɗe yana juya alli a hannu. Ransa ya sosu, kowa ya gani. "Tsarin nan daga Yamai ya zo, Baba. Ba ni da ikon cire kome."

"Ban ce ka cire ba. Ƙarawa za ka yi."

"Da wane lokaci?"

"Bayan azahar kwana mukai. Mu mun bar kwanan. Saura kai."

Sabo ya sunkuyar da kai. Mushe ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce Ciɗo ya yi ƙarya.

Da azahar ɗin ranar sai ga Mushe ƙarƙashin itacen bedi da wani littafi da ya aro a ofishin kumandan mai mulkin yankin. Ya karanta musu abin da ya shafi ɓarna, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma don a gwada shari'a. Sabo ya zama mai gona, Garba mai shanu, Ciɗo mai sauraron ƙara. Sabo na gama kukansa, Ciɗo ya yanke hukunci.

"Ka ji ta bakin mai shanu?" in ji Mushe.

"A'a."

"To ka faɗi jarrabawa. Tashi wani ya gwada."

Ciɗo ya gyara zama a kan tabarmar. "Ba ni tashi. Garba, matso ka hwaɗi taka."