Wasiƙar Auta Zuwa Gareji

Wata biyu ke nan Bakanike yana kwana a ɗakin ajiyar tayoyi na gareji, tun ranar da suka yi kaca-kaca da matarsa ya ɗauki jaka ya fita. Ran Talata mai gadin makarantar 'yarsa ya kawo masa ambulan. Ya goge hannu a wando, ya buɗe.

"Zuwa ga Baba, ina gaisuwa. Muna lafiya. Haƙorina na gaba ya fita. Yaushe za ka dawo? Taka, Auta."

Ya karanta sau uku. Shekarar Auta bakwai, ko sunanta ta rubuta sai ya hau tudu ya gangara. Amma ga waƙafi a wurinsa, ga aya, ga alamar tambaya zaune daram. Wannan ba aikin yaro ba ne, na babba ne. Uwar ce, ta rasa ta inda za ta ɓullo, ta fake da yarinya. Ya ji haushi, ya kuma ji daɗi, daɗin ya fi ba shi haushi. In dai ita ce, to shi aka nema, zai koma gida da girmansa.

Ya bar mota a kan jak, ya nufi makarantar. Yara sun fita hutun tara, Malama ita kaɗai ce a aji tana fiƙe fensir.

"Malama, tsakaninki da Allah, wa ya rubuta wannan?"

"'Yarka. Sau huɗu ta sake."

"Da aya da komai? Ni ma da gemuna ba na sa su."

"Ai ba ni na koyar da kai ba." Ta ajiye reza. "A nan kowa karanta tasa yake da ƙarfi. Inda ya ja numfashi ya sa waƙafi, inda ya tsaya ya ɗiga aya."

"Uwarta ba ta sa baki ba?"

"Ba ta ma san an yi ba. Ba na barin wasiƙa ta je gida, iyaye gyara suke yi."

Ta nuna masa allo. Can a gefe, da alli, ga tambayar tasa harafi da harafi: Yaushe za ka dawo? Ya dubi wasiƙar, ya dubi allon.

"Au, ashe ma kwafa ta yi."

"Misali uku na rubuta. Akwai ‘Yaya aiki?’, akwai ‘Me ka ci yau?’ Kusan duk ajin na abincin suka ɗauka. Ita ta ɗauki wannan, ban tambaye ta dalili ba."

Ya yi ta murza bakin ambulan, har baƙin mai ya taɓa shi.

"Ran Alhamis kowa zai karanta amsar da ya samu a gaban aji," in ji Malama. "Wanda bai samu ba sai ya zauna ya kalli sauran."

Ta tura masa takarda. Ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya rubuta gaisuwa, ya goge, ya sake. Ya daɗe kafin ya rubuta ranar dawowa: Asabar. Babu wanda ya kira shi sai 'yar shekara bakwai, kuma ƙofar gidan ba ita ke buɗewa ba.

Ya miƙa takardar, ya rage murya.

"Ki ce mata ta karanta a gida ma. Da ƙarfi, kusa da kicin."

"Malam, ni wasiƙa nake koyarwa," in ji Malama. "Sa aya a nan."