Duro Arba'in Ba Adireshi

Alhaji Tamimu jikan sarakunan Zongon Kumasi ne, kuma bai taɓa bari a manta ba. Shekara talatin da biyar yana tura kaya daga New York zuwa tashar Tema da ke Ghana ta jirgin ruwa. A lokacin da yake ganiyarsa jiragen ruwa uku ya yi shata, har Turawan da ke tashar suna miƙe masa.

Yana da wata al'ada da ta fi ƙarfin kowa: ba a rubuta adireshi a jikin duron da ya shiga sitonsa na unguwar Port Richmond a New York. A wajensa cin mutunci ne ɗan sarki ya tambayi mutumin Zongo gidansu. Ka kawo duronka cike da shinkafa da sabulu da takalma, ya dubi fuskarka, ya faɗi sunan kakarka da lungun da take. Komai a kansa yake, kuma bai taɓa ɓatar da ko cokali ba.

Bana kan nasa ya fara zuba.

'Yarsa Zaituna ce ta lura. Duro arba'in na jiran kwantenar da za ta tashi ranar Alhamis, kayan azumin gidaje arba'in, ba wanda ke da rubutu sai sunan mai shi. Ma'aikata suka ce a kira masu kayan a tambaye su. Ta ƙi, don ta san ranar da aka yi haka unguwar Bronx, inda 'yan Zongo suke, gaba ɗaya za ta ji cewa Alhaji ya ƙare.

Ta zaunar da shi a kujerarsa, ta ɗauko takarda.

"Baba, na Tahiratu mai aikin jinya, ina za a kai?"

"Gidan Hajiya Meri, bayan masallaci," ya ce ko tsayawa bai yi ba.

Haka ya yi ta zubo su ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan tasa ta isa. Zaituna ta ji daɗi har ta yi hawaye. Ta buga wa Usaini, wakilinsu na Tema, ta karanto masa.

Da ta kai ƙarshe, Usaini ya ce:

"Yaya Zaituna, Hajiya Meri ta rasu tun ina makaranta. Rabin mutanen nan suna maƙabarta. Wasu gidajen ma an rushe."

Ranar Laraba ta kira masu kayan da kanta, duk arba'in ɗin, kunya kamar ta kashe ta. Ta durƙusa gaban duron farko da alƙalami tana rubuta lamba da sunan titi.

Alhaji ya taso da sandarsa, ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, a nan ba a rubutu," ya ce cikin ladabi. "Ɗago in ga fuskarki."

Ta ɗago. Ya dube ta ya sake dubawa.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "'Yar gidan wa ce ke?"