Albashi a Gwangwani

Tun daga bakin ƙofa Ƙaltume ta ji warin. Mako guda ta yi a Kuseri tana jinyar mahaifiyarta, ta dawo Garwa cikin tsakiyar zafin bazara, ko jaka ba ta ajiye ba ta toshe hanci da gefen mayafi.

Maƙwabciyarta Léontine ta leƙo ta katanga. "Sannu da hanya, Maman Achta. Masu wuta sun yanke muku tun washegarin tafiyarki. Mu ma nan abinci ya daina ciyuwa a tsakar gida."

Ƙaltume ta buɗe firji. Kifi da naman da ta saya na wata guda sun narke sun zama baƙin ruwa, tsutsa na yawo har cikin robar murfin. Ta fita da gudu ta yi amai a bakin magudana.

Mijinta Abdelkerim direba ne a wani kamfanin auduga, albashinsa ba laifi. Ya shigo bayan la'asar yana latsa sabuwar waya.

"Baban Achta, ina kuɗin wuta?"

"Wallahi na yi niyya. Wani wasan ƙwallo ne na sa wa kuɗi, da sun ci da na biya har na gaba."

"Kai kuma a cikin wannan ɗoyin kake kwana?"

"A'a, wajen abokina Oumar nake kwana. Na ce idan kin dawo kin fi ni sanin yadda ake wankewa."

Ta dube shi. Magidanci da furfura a gemu, ya bar gidansa na ruɓewa yana jiran mace ta dawo daga jinya! Ta miƙa masa bokiti da sabulu. Ya wanke yana kakarin amai, ko sannu ba ta ce masa ba.

Da aka yi albashi ta jera gwangwanayen madara a kan tabarma.

"Zube shi nan duka. Ga nawa na turaren wuta da na sayar."

Ya yi ta noƙe-noƙe, sai da ta ce to za ta kira yayansa ya zo ya ji labarin firji, sannan ya ciro kuɗin. Suka haɗa abin da ya shigo. Ta ware na haya, na wuta da ruwa, na abinci, na makarantar 'yarsu Achta, da ɗan abin da za a ɓoye saboda ciwo. Ta tura masa gwangwanin ƙarshe.

"Wannan naka ne, na hawa babur ɗin haya da shayi. Ka ci shi yau ko ka ja shi wata, ruwanka."

"Haba, Ƙaltume, ni yaro ne?"

"Yaro ai da ya ji wari zai faɗa wa manya."

Wata bai kai rabi ba gwangwaninsa ya koma wayam. Da safe ya same ta tana dama kunu, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ɗan ara min daga na makaranta, ƙarshen wata in mayar."

"Wace ƙungiya ce ta sake cin amanarka?"

Ya juya ya fita hannu wofi. Ita kuwa ba ta ɗago kai daga kwanon ba.

Daga unguwarsu Djamboutou zuwa wurin aikinsa tafiya ce mai nisa, rana kuma tun hantsi take dukan ƙeya. Haka ya riƙa takawa da ƙafa har wata ya mutu. Yakan dawo rigarsa jiƙe sharkaf da gumi, ya jefar da ita bakin ƙofa. Ƙaltume takan sa tsinken kara ta ɗaga ta, ta ajiye masa kusa da bokiti.